Ƙananan na'urorin da ke gano cuta a cikin jiki yayin tiyata da mutum-mutumi

A tiyatar da aka saba, likita yakan sa hannu ya latsa nama, ya bambance ƙari mai tauri da tsoka lafiyayya. Tiyata da mutum-mutumi ta raba shi da wannan baiwa. Yana zaune ne a gefe, idonsa a kan hoto, yana sarrafa hannuwan ƙarfe da aka zura ta hudar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. Tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da injin da Vinci na kamfanin Intuitive Surgical a 2000, injiniyoyi ke neman abin da zai maye gurbin yatsun likita a cikin jiki.

Wasu na'urorin gani suke ƙara masa. Akwai ƙaramin kan na'urar sikanin da hannun injin ke riƙewa ya ɗora a kan ƙoda, don a ga iyakar ƙari kafin a yanka. Akwai kuma tsarin Firefly: ana yi wa majiyyaci allurar wani rini, sai kyamara mai haske na musamman ta nuna inda jini ke gudana da launin kore. Idan an yanke ɓangaren hanji, da wannan ake duba ko jini na isa bakin da za a ɗinke, domin ɗinkin da jini bai kai masa ba yana iya warwarewa.

Wata na'urar, SENSEI, wadda kamfanin Lightpoint Medical na Birtaniya ya ƙera, farauta take yi. Ana ba majiyyaci sinadari mai fitar da ɗan tiririn nukiliya, wanda ke taruwa a kaluluwar da ake nema, ita kuma na'urar ta bi sawunsa har ta kai likita wurin.

A injinan da Vinci, taɓawar kanta sai a Maris 2024 ta dawo, da fitowar da Vinci 5, mai auna ƙarfin ja da turi a kan kayan aikin ya mayar wa likita a yatsunsa. Kamfanin ya ce hakan na rage matsin da ake yi wa nama da har zuwa kashi 43 cikin 100. Sai dai alƙaluman nasa ne, kuma daga gwajin da ya gabaci aiki a kan majiyyata.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Injin ɗaya yakan kai dala miliyan 2, kuma kayan aikinsa na ɗauke da guntuwar na'ura mai ƙirga sau nawa aka yi amfani da su. Da zarar adadin ya cika, sai su daina aiki. A 2021 wasu asibitocin Amurka suka maka kamfanin a kotu, suna zarginsa da yin kaka-gida a kasuwar gyara da sayar da waɗannan kayayyaki.