Garin da ya yi shirin ranar da fetur zai ƙare

A watan Satumban 2000, manoma da direbobin manyan motoci a Birtaniya suka tare ƙofofin matatun mai da rumbunan ajiyarsa saboda tsadar fetur da dizal. Cikin 'yan kwanaki dubban gidajen mai suka rufe, asibitoci suka ɗage ayyukan da ba na gaggawa ba, wasu manyan kantuna suka ƙayyade yawan burodi da madarar da mutum ɗaya zai saya. Da masu zanga-zangar suka janye, tankoki suka koma hanya, rayuwa ta ci gaba kamar ba a yi ba. Sai dai lamarin ya nuna cewa a ƙasa mai arziki irin wannan, tsakanin cikar kantuna da ƙarancin abinci kwanaki ne kawai, muddin motocin dakon kaya suka tsaya. Bayan shekara shida, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila ya ɗauki wannan gargaɗi da gaske, ya fara shirin rayuwa ba tare da mai mai arha ba. Yau an kusa shekara ashirin da farawa, lokacin da ya isa a duba abin da ya tsira cikin shirin da abin da ya mutu.

Tushen tunanin ya girmi shirin garin. A 1956, wani masanin albarkatun ƙasa da ke aiki da kamfanin Shell, M. King Hubbert, ya yi bayanin cewa haƙar mai a kowane yanki tana hawa ne sannu a hankali, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka, kuma wahala tana farawa ne daga ƙololuwar, tun da sauran mai da yawa a ƙarƙashin ƙasa, domin abin da ya rage ya fi wuyar haƙowa kuma ya fi tsada. Ya yi hasashen cewa Amurka za ta kai ƙololuwarta wajen 1970. Haka kuwa aka yi: a shekarar ta haƙo kusan ganga miliyan 9.6 a rana, daga nan abin ya yi ta raguwa har shekaru fiye da talatin. A 1998, wasu tsofaffin masana harkar mai biyu, Colin Campbell da Jean Laherrère, suka faɗaɗa lissafin ya shafi duniya baki ɗaya, suka ce zamanin mai mai arha ya kusa ƙarewa.

Campbell yana zaune ne a kudancin Ayalan, tsibirin da ke yammacin Birtaniya. A 2004 ya yi lacca ga ɗaliban wata kwaleji a Kinsale, wani ɗan garin bakin teku, inda wani Bature ɗan Ingila mai suna Rob Hopkins yake koyar da dabarun noma da gini masu ɗorewa. Malamin da ɗalibansa suka mayar da laccar aikin aji. Suka bi garin ɓangare-ɓangare: abinci, gidaje, sufuri, lafiya, ilimi, shara, yawon buɗe ido, suna tambayar yadda kowanne zai kasance idan mai ya yi ƙaranci, da matakin da za a ɗauka shekara bayan shekara har zuwa 2021. Aka buga tsarin a 2005, majalisar garin kuma ta karɓe shi.

A wannan shekarar Hopkins ya koma Totnes, garin kasuwa mai mutane kusan dubu takwas a gundumar Devon. Tare da Naresh Giangrande suka shafe watanni suna nuna finafinai da shirya tattaunawa, kafin a watan Satumban 2006 su ƙaddamar da abin da suka kira Transition Town Totnes, wato garin da ke ƙaura daga dogaro da mai. Hopkins ya dage cewa dole a haɗa matsalar mai da ta sauyin yanayi wuri guda. Wanda ƙarancin mai kaɗai ya dama, zai iya komawa ga kwal, ya ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wanda kuma rage hayaƙi kaɗai ya dama, zai iya barin garinsa yana jiran abinci daga nisan dubban kilomita. Abin da suke nema shi ne gari mai iya jure girgiza, wanda idan hanya ta yanke ba zai durƙushe ba. Hujjarsu ta yin aikin a matakin gari ita ce jiran gwamnati zai ja lokaci, ƙoƙarin mutum ɗaya kuma ya yi kaɗan.

Misalin da suka fi yawan bugawa shi ne Kyuba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Kyuba ta rasa mai da taki da kasuwar sukarinta kusan a lokaci guda, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka koma huɗa da shanu, aka shigo da kekuna daga Sin, aka mayar da kangwaye a birnin Habana lambunan kayan miya. Wannan ɓangaren ne ya burge mutanen Totnes. Ɗaya ɓangaren shi ne mutane sun rame, kuma dubun-dubatarsu sun kamu da ciwon jijiyoyi da raunin gani saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Da Benezuwela ta fara ba Kyuba mai cikin rangwame daga 2000, ba ta yi jinkirin karɓa ba. Darasin da Totnes ta ɗauka shi ne ba a fafe gora ranar tafiya: gara a yi sauyin da shiri, da a yi shi cikin yunwa.

Shekarun farko sun zo da ɗoki. Aka dasa itatuwa masu 'ya'ya a filayen gari. Aka haɗa tsofaffi masu lambun da ba sa iya nomawa da matasa marasa fili. A 2007 aka buga kuɗin gari, fam ɗin Totnes, wanda darajarsa daidai take da fam ɗin Ingila amma kantunan garin kaɗai ke karɓarsa, domin kuɗi ya riƙa zagayawa a gida. A watan Yulin 2008 farashin gangar ɗanyen mai ya kai dala 147, sai ya zama kamar annabcin ya tabbata. Garin Lewes ya buga nasa kuɗin a 2008, unguwar Brixton ta Landan a 2009, birnin Bristol a 2012, inda magajin garin, George Ferguson, ya riƙa karɓar albashinsa da kuɗin birnin. Zuwa 2013, ƙungiyoyi masu bin wannan tsari sun haura dubu a ƙasashe sama da arba'in.

Amma a daidai lokacin, ginshiƙin hujjar yana tsagewa. Kamfanoni a Teksas da Dakota ta Arewa sun haɗa dabaru biyu, haƙa rijiya a kwance da fasa dutse da ruwa mai ƙarfi, suka fara fitar da man da a da ake ganin ba ya haƙuwa. Amurka, wadda haƙarta ta sauka zuwa kusan ganga miliyan 5 a rana a 2008, ta zarce matsayinta na 1970 a 2018, ta zama ta farko a duniya. Farashin da ke sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ya faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Masu lissafin ƙololuwa sun raina abin da tsada ke haifarwa: idan farashi ya hau, man da a da babu riba a haƙarsa sai ya zama abin nema. Ƙungiyar ta rage maganar ƙarewar mai, ta mayar da hankali kan sauyin yanayi da tattalin arzikin gari. Tambayar da duniya ke yi ma ta juya, daga ko akwai isasshen mai zuwa nawa ne cikinsa za a iya ƙonawa ba tare da an lalata yanayi ba.

Da tsoro ya ragu, sai kowane aiki ya tsaya da ƙafarsa, ko ya faɗi. Kuɗin gari yana cikin waɗanda suka faɗi. Mai kanti yana karɓar fam ɗin Totnes, amma dillalin da ke kawo masa kaya daga wani gari ba ya karɓa, don haka dole ya canza shi. Takardar kuɗi ba ta iya ƙirƙiro masana'antar da babu ita a gari. Ga shi kuma jama'a sun koma biya da kati da waya. Aka dakatar da fam ɗin Totnes a 2019, na Bristol ya biyo baya ba da daɗewa ba.

Wasu ayyukan kuma sun ci karo da ikon da ba a hannun masu shirin yake ba. Wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta mazauna Totnes ta nemi kafa manyan fankoki biyu masu samar da lantarki daga iska a wajen gari. Mazauna ƙauyukan kusa suka ƙi, hukumar gunduma ta yi watsi da buƙatar a 2013. Akwai kuma filin tsohuwar masana'antar madara da aka rufe a 2007, inda jama'a suka shafe shekaru suna tsara gina gidaje masu sauƙin kuɗi da wuraren sana'a. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, sama da kashi 80 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince. Amma filin na kamfani ne, daga baya kuma ya sayar wa wani. Masu suka sun daɗe suna cewa ƙungiyar tana gudun siyasa, kuma yawancin 'ya'yanta masu ilimi ne da ɗan rufin asiri, waɗanda ke da lokacin zaman taro da yamma. Labarin filin ya ba su gaskiya a kan batu na farko.

Abin da ya fi yin tasiri shi ne aikin da ya fi kowanne rashin armashi. Daga 2009 aka fara haɗa maƙwabta, gida shida zuwa goma a layi ɗaya, su riƙa haɗuwa a falon junansu har sau bakwai, suna bin wani ɗan littafi kan wuta, ruwa, abinci, shara da sufuri. Suka toshe kafofin da ɗumi ke fita a lokacin sanyi, suka sauya ƙwayayen lantarki, wasu suka samu tallafin sanya farantan sola. Gidaje kusan 500 suka shiga, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa kowane gida ya rage kashe kusan fam 570 a shekara. Aikin ya samu lambar yabo ta Ashden a 2011. Da yawa daga waɗanda suka shiga sun ce babbar ribarsu ita ce sanin maƙwabtan da suka yi shekaru suna wucewa ba gaisuwa. Haka nan kamfanonin lantarki na al'umma: a Lewes, Bath da Brixton mazauna suka sayi hannun jari, aka ɗora farantan sola a rufin makarantu da gidajen haya na hukuma, ana biyansu 'yar riba duk shekara. Su ma sun ji a jika da gwamnati ta zaftare farashin da take sayen wutar sola, kafin ta rufe tsarin ga sababbin shiga a 2019. Farantan da aka riga aka ɗora dai suna nan suna aiki.

Inda tsarin ya fi nisa kuwa shi ne inda hukuma ta rungume shi. A Ungersheim, wani ƙauye mai mutane dubu biyu da 'yan kai a gabashin Faransa, inda a da ake haƙar ma'adinin taki, magajin gari Jean-Claude Mensch ya mayar da shirin manufar majalisa. Aka kafa tashar sola a kan tsohon filin ma'adinai, aka ware gonar hukuma don noman kayan lambu, aka riƙa ciyar da 'yan makaranta daga gare ta. Abin da Totnes ta yi shekaru tana roƙo, wato fili da izini, Ungersheim tana da shi a hannu.

A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, farashin iskar gas a Turai ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin wuta da ɗumama gida a Birtaniya ya kusan ninkawa. Babu rijiyar da ta ƙafe, amma miliyoyin iyalai sun rasa yadda za su biya. Wannan ne abin da hasashen 2005 ya kuskure a kai, kuma shi ne ya sa shirin bai tashi a banza ba: ga magidanci, mai yana ƙarewa ne ranar da farashinsa ya fi ƙarfin aljihunsa. Mai karatu a Najeriya ya san wannan tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, a ƙasar da ke haƙo mai. Manomin rani mai injin ban ruwa, mai niƙa, tela da mai walda duk sun yi tasu ƙaurar ba shiri, kowa da aljihunsa: mai hali ya sayi sola ko ya mayar da injinsa mai amfani da gas, marar hali ya rage aiki.

Tarihin Totnes yana ba duk unguwa ko ƙungiyar da ke son yin wannan shiri tare ma'auni uku. Na farko, aikin ya rage wa mutane kashe kuɗi a bana, ko da masifar da ake tsoro ba ta zo ba. Na biyu, fili ko rufin da za a yi aikin a kai ya zama mallakar masu aikin, a rubuce, tun kafin a fara tara kuɗi. Na uku, a shigar da ƙaramar hukuma tun farko, domin izini da fili a hannunta suke. Fam ɗin Totnes bai cika ma'auni na farko ba, filin masana'antar madara ya faɗi a na biyu, fankokin iska a na uku. Maƙwabtan da suka zauna a falon juna suna lissafin kuɗin wuta ba su buƙaci filin kowa ba, kuma sun ga amfanin zaman a takardar biyan kuɗin da ta biyo baya.