Kwamitocin Unguwanni a Sudan: Mulkin Jama'a Ba da Wakili Ba

Gabatarwa

Masana siyasa sun kasa dimokuraɗiyya gida biyu. Akwai wadda jama'a ke zaɓen wakilai su tura majalisa, akwai kuma wadda su da kansu suke zama su tattauna, su yanke hukunci, kamar yadda aka yi a tsohon birnin Atina na Girka. Wannan nazari zai duba yadda aka jarraba ta biyun a Sudan.

Asalinsu

Kwamitocin turjiya sun soma tsirowa a unguwanni wajajen 2013, amma ba su yi ƙarfi ba sai a Disambar 2018, lokacin da farashin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku. Bore ya ɓarke a Atbara ranar 19 ga wata, washegari ya isa Gadarif, babban birnin jihar da Basunda take ciki, jihar da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta tun zamanin tafiya hajji a ƙasa. A ranar 11 ga Afrilu, 2019, aka tumɓuke Umar al-Bashir.

Tsarinsu

Kwamitocin ba su da shugaba guda. Mutanen unguwa ke haɗuwa su yi shawara, wanda aka aika taron gari kuwa ɗan saƙo ne kawai. Wannan ya sa kame mutum ɗaya bai isa ya rusa su ba. Bayan juyin mulkin Janar Burhan na 25 ga Oktoba, 2021, sun ƙi zaman sulhu da soja. A 2022 kwamitocin Hartum da na Wad Madani suka fitar da kundayen da ke neman a gina mulki daga ƙasa zuwa sama, a faro daga majalisun unguwanni.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, hukuma ta watse a wurare da dama, sai matasan kwamitocin suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa da wuraren dafa abincin sadaka. Tushen wannan aiki shi ne nafir, wato abin da Bahaushe ke kira gayya.

Kammalawa

Shawarar unguwa ta ciyar da mayunwata, ta kuma taimaka wajen kayar da mulkin shekara 30. Abin da ta kasa shi ne raba mai bindiga da mulki. Kundayen 2022 ma, da suka zo kan tafiyar da ƙasa baki ɗaya, majalisar wakilai suka tanada, sai dai wadda za ta taso daga unguwa.