Ranar Da Aka Daina Yi Wa Badala Yaɓe



Duk wanda ya taɓa hawa a-daidaita-sahu a Kano ya haddace waɗannan sunaye: Ƙofar Nassarawa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Kabuga, Kansakali, Mazugal, Wambai, Ƙofar Mata. Muna sa su a labaranmu kullum, saurayi ya sauka a Kabuga, motar amarya ta shigo ta Na'isa. Sai dai ƙofa tana amsa sunanta ne idan akwai gini a damanta da hagunta. Yau da yawansu bakin siminti ne tsaye a tsakiyar kwalta, ganuwar da aka huda su a jikinta kuwa ta koma tudun ƙasa, ko jerin shaguna, ko juji. Yaya aka yi ginin da ya kusa shekara 900 ya lalace a cikin shekara 120 kacal? Abin da za mu bi diddigi ke nan.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka buga fassararsa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. An yanka shanu 100 a ranar da aka ɗora hannu, kuma ƙofa takwas aka yi mata. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Da gari ya cika, Muhammadu Rumfa, wanda ya hau a 1463 ya rasu a 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. A zamanin Muhammadu Nazaki, tsakanin 1618 da 1623, Wambai Giwa ya sake tura ta yamma, ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, yana ciyar da ma'aikata da tuwo da shanu kowace safiya har aka gama.

Mu lura da abu biyu a nan. Na farko, magabata ba su ɗauki ganuwa abin da ba a taɓawa ba. Idan gari ya girma sai su ƙara mata faɗi, su buɗe sabuwar ƙofa. Na biyu, a duk inda aka ambaci ginin, an ambaci wanda ya ɗauki nauyinsa da abin da ya kashe. Ganuwa tana da mai ita.

Wannan shi ne sirrin ginin ƙasa. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya, a jera, a yaɓe. Damina ta zo ta ci rabonta, rani ya yi a mayar da abin da ta ci. Haka ake yi wa soro da zaure, haka ake yi wa badala. Bayan an ɗauke amfanin gona sai a yi gayya, talakawa da bayi su fito, magina su ja gaba, a toshe duk inda ya tsage. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke rufewa da dare ya buɗe da asuba, shi ya san inda ƙyaure ya ci da inda gini ya zaizaye. Ramukan da aka haƙi ƙasar kuma suka zama kududdufai masu shanye ruwan saman birni. Idan muka ce ganuwa ta yi ƙarni takwas a tsaye, muna nufin an yi ƙarni takwas ana sake gina ta.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano, a lokacin Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ta Ƙofar Kabuga suka shiga. Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa bai taɓa ganin gini irinsa a Afirka ba: tsayinsa ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinsa ƙafa 40, kewayensa kimanin mil 11. Igwar Turawa ƙofa ta fasa, ganuwa tana nan kusan yadda take. Abin da ya mutu a ranar shi ne aikinta. Babu sauran Ningawa ko Damagarawa da za a rufe wa ƙofa, saboda haka babu dalilin tara dubban mutane su bar sana'arsu su yi yaɓe.

Daga nan sai harkar gari ta fara fita waje. Turawa suka zauna a Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari, Fagge ta cika da baƙi, kantuna suka jeru kusa da tasha. Kuɗi suka koma bayan ganuwa, ita kuwa aka bar ta da damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai neman ƙasar gini ya ga ga ta a tare ba sai ya haƙa ba, mai neman gajeriyar hanya ya sare inda ta yi ƙasa-ƙasa, awaki suka ƙarasa sauran. Wannan ɓarna ba ta da rana ɗaya da za a nuna, kuma hannun kakanninmu da iyayenmu na ciki.

Duk da haka, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero an bi tsohuwar dabara sau ɗaya. Da motoci suka yi yawa, sai aka huda ganuwa a 1937 aka yi wadda har yau muke kira Sabuwar Ƙofa, tsofaffin kuma aka bar su a inda suke. A zamaninsa ne kuma, a farkon shekarun 1950, aka maye tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da wanda muke sallah a ciki yanzu. Jama'a sun ƙaru, buƙatar gaskiya ce. Amma daga lokacin wani tunani ya zauna a zukatanmu: siminti shi ne ci gaba, ƙasa kuwa alamar talauci. Wanda ya samu kuɗi, abin da yake fara yi shi ne ya rushe soron ubansa ya kafa bulo.

Doka ta zo, amma a makare. A 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi ta farko a Nijeriya. A 1959 aka ayyana Gidan Makama a matsayin ginin tarihi na ƙasa, ganuwa da ƙofofinta ma suka shiga wannan jeri. A 1979, Doka ta 77 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, aka damƙa mata kula da su. A takarda an gama magana. To amma mu duba yadda aka raba dukiyar. Masarauta, wadda ita ce ke kiran gayya tun asali, an karɓe ikon En'e daga hannunta tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa duk filin birni a hannun gwamnan jiha. Wato ginin na hukumar tarayya ne, ƙasar da yake tsaye a kai ta gwamna ce, tarihin kuma na sarki. Mai iko da ginin ba shi da kuɗi, mai iko da filin yana ganin fuloti, mai jin ciwon abin ba shi da iko. Da damina ta zo, babu wanda yaɓe ya wajaba a kansa.

Abin dariya abin takaici, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos an gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano don masu yawon buɗe ido su gani, alhali ta ainihin tana zubewa a gida.

A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, irin su Dutsen Dala da Kurmi da fada, a jerin jiran hukumar UNESCO, da fatan a amince da su a matsayin gadon duniya kamar yadda aka yi wa Sukur a 1999 da kurmin Osun-Osogbo a 2005. Bayan shekara uku, a 2010, katafila ta ture Ƙofar Na'isa, mai kimanin shekara 500, don a faɗaɗa titi. Hukumar gidajen tarihi ta yi ƙorafi, aka gina wata a madadinta. Tsakanin 2011 da 2015 aka yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, ƙofofi da dama suka koma siminti da ƙarfe. Tsakanin 2015 da 2023 aka yi ta yanka filaye a gefen badala da Filin Idi ana gina shaguna. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta zo da rusau, ta ture gine-ginen Filin Idi da na tsohon otal ɗin Daula, har da shataletalen gidan gwamnati da aka yi don cikar jihar shekara 50 a 2017. 'Yan kasuwar Filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Kowannenmu yana da ɓangarensa a siyasa, amma badala ta ji jiki a hannun kowa, kuma har yau tana layin jira a UNESCO.

Mu yi adalci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da 30,000, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Ƙofar da aka yi don raƙumi da jaki ba za ta ɗauki motar kashe gobara ba. Mace mai naƙuda da ta maƙale a cunkoso ba ruwanta da Rumfa. Titi dole ne, kasuwa dole ce. Tambayar ita ce ko sai an ture tsohuwar ƙofa kafin titi ya wuce, bayan a 1937 an nuna ana iya huda gefe a bar ta. Kuma cike kududdufai da ake yi ana gini a kai, ai mun ga sakamakonsa, duk damina ruwan da ya rasa masauki cikin ɗakunanmu yake kwana.

Yanzu mu duba waɗanda suka tsira. Gidan Rumfa yana nan domin sarki na ciki, ana fadanci, ana hawan sallah daga ƙofarsa. Gidan Makama yana nan domin ya zama gidan tarihi, 'yan makaranta na shiga. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, yana nan domin an ba shi aiki. Karofin Ƙofar Mata yana nan domin har gobe akwai marina da ke tsoma zane a baba. Duk wanda ya rage a cikinsu yana da mai kwana da tashi da shi.

Agadas ta ƙara tabbatar da haka. Garin da ayarin fatake suka daɗe suna haɗa shi da Kano ne, Barth ma ta can ya biyo kafin ya iso nan, kuma gininsu na ƙasa ne irin namu. Hasumiyar masallacinsu mai tsayin mita 27 tana tsaye, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar masu gyara. Ana sallah a masallacin, Sarkin Abzin na fadarsa, mutane na zaune a tsofaffin unguwanni. A 2013 UNESCO ta amince da tsohon birnin Agadas. Ƙasarsu ba ta fi tamu ƙwari ba, yaɓe ne ba su daina ba.

To mu marubuta, ina namu a ciki? Duk abin da muka sani game da Gijimasu da Wambai Giwa, wani ne ya zauna ya rubuta. Tsayin ganuwa kuwa, abin kunya, daga alƙalamin wanda ya ci mu da yaƙi muke samunsa. Idan muka yi sake, jikokinmu a bakin baƙo za su ji yadda Kano take a zamaninmu. Har yanzu akwai tsofaffin da suka yi wasa a kan badala tana da tsayi. Akwai zuriyar Sarakunan Ƙofa. Akwai magina da suka san haɗin makuba da laso da katsi, suka san ɗaurin guga da jeren azara, kuma ba su da magada. Kowane ɗayansu ya faɗi, ya tafi da abin da ba ya cikin kowane littafi.

Saboda haka ga aikinmu. Kowa ya zaɓi gini ɗaya a garinsu, ƙofa ce ko zaure ko masallacin unguwa, a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram. Ya je da ƙafarsa. Ya auna faɗi da taku, ya ƙirga azara, ya tambayi wa ya gina, wa ke gyarawa, yaushe aka yi masa yaɓen ƙarshe, wa ke riƙe da takardar filin. Ya rubuta ranar da ya je. In labari zai ƙaga, kada ya tsaya a "wani tsohon gida". Ya nuna mana zanko da indararo, da tsagar da ke bangon gabas, da magajin da ke son sayarwa, da gwaggon da ta ce sai bayan ranta. A nan rikicin yake, kuma irinsa ne ke faruwa a kowace unguwa ta cikin birni a yanzu haka.

Rubutu ba ya tare katafila. Amma ginin da jama'a suka san sunansa da labarinsa ya fi wuyar turewa da dare fiye da wanda ake kira kango. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu fi haka riƙon amana. Sai mun ga abin da kowa zai kawo a mako mai zuwa.