Ƙabilanci

Ƙabilanci (suna, namiji): mutum ya auna al'adun wasu da mudun al'adarsa, yana ganin tasa ce kaɗai daidai. Bahaushe ma bai tsira ba, tunda gurɓatacciyar Hausa "gwaranci" yake kiranta.

A yankin Tamale abin bai tsaya a fatar baki ba. Turawan mulkin mallaka sun tarar da Dagomba da sarkinsu Ya-Na, sai suka sa Konkomba ƙarƙashinsu, don a ganinsu ƙabilar da ba ta da sarki ba ta isa ta mulki kanta ba. Wannan mugun raini ya taimaka wajen rura yaƙin da Konkomba suka gwabza da maƙwabtansu a 1994, wanda ya faro daga gardama kan zabuwa a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla. Konkomba da yawa suka tsere daga Tamale.