Yadda Kwamfutar Tebur Ta Ƙanƙance

A farkon shekarun 2000, masu wasan kwamfuta a Amurka da Turai sukan taru a manyan zauruka, kowa da tasa na'urar, a haɗa su da waya a kwana ana fafatawa. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne dakon kaya. Akwatin kwamfuta na lokacin, wanda aka ƙera bisa ma'aunin ATX da Intel ya fitar a 1995, jibgege ne, ga allo mai ƙatuwar ƙeya.

Kamfanin Shuttle na Taiwan ne ya hango kasuwa a nan. A 2001 ya fitar da SV24, akwatin alminiyum da bai fi kwalin takalmi girma ba sosai. Ba cikakkiyar kwamfuta ake sayarwa ba: akwati ne da babban faifan da komai ke hawa kai da na'urar ba da wuta. Mai saye ne zai nemo ƙwaƙwalwa da RAM da ma'ajiyar bayanai gwargwadon aljihunsa, ya ɗaura da kansa. 'Yan wasa sun yaba, amma suka yi ƙorafin babu gurbin katin hoto mai ƙarfi. A 2002 Shuttle ya ƙara gurbin.

Nan ne ainihin matsalar ta fito fili: zafi. Katin hoto da ƙwaƙwalwa masu ƙarfi wuta suke sha, zafi suke fitarwa, ƙaramin akwati kuwa ba shi da wajen shan iska. Shuttle ya sa bututan jan ƙarfe masu ɗan ruwa a ciki, su kwashi zafin su kai bakin fanka a bayan akwatin. Kusan duk ci gaban da ya biyo baya kokawa ce da wannan zafin, ba da girman kaya ba.

A 2001 ɗin dai, kamfanin VIA, shi ma na Taiwan, ya gabatar da ma'aunin Mini-ITX, faifai mai santimita 17 kowane gefe, wanda daga baya ya zama gidan kowa.

Intel ya shigo da NUC a ƙarshen 2012, 'yar na'ura ta tafin hannu da ta fi dacewa da ofis. Sannu a hankali ya karkata ga 'yan wasa. A 2018 ya yi abin da ya ba mutane mamaki: ya haɗa ƙwaƙwalwarsa da injin hoto na AMD, babban abokin hamayyarsa, a samfurin Hades Canyon. A 2020 NUC 9 ta zo a akwati mai kimanin lita 5 da ke ɗaukar katin hoto na gaske, har da samfuri mai ƙwaƙwalwar Xeon don masu zanen gine-gine da tace bidiyo.

A Yulin 2023 Intel ya sanar da janyewa daga harkar, kamfanin ASUS ya karɓi ƙera NUC da sayar da ita.