Tsuntsu ne ko jirgi? Yadda ake tantance abin da ya fito dishi-dishi a hoto

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, hoton wani baƙin ɗigo a sararin sama kan isa ya hana mutane zuwa kasuwa. Dalilin tsoron a fili yake. Yankin ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, a Ƙanƙara aka sace ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020, kuma ba a manta da jirgin soja maras matuƙi da ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba, 2023 ba. Sai dai da yawa daga cikin hotunan da ke yawo a WhatsApp tsuntsaye ne.

Ruɗanin daga kyamara yake farawa. Tsuntsun da ke tafiyar mita 10 a daƙiƙa kan gusa kusan santimita 17 idan kyamarar waya ta buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, kamar yadda takan yi da almuru. Wannan gusawa ke shafe kai da jela, ta bar siffa kamar faifai. Idan aka ƙara da janyo hoto da yatsa da ƙurar hunturu, sai wayar ta cike gurbin da abin da ta kintata. Hoto guda kuma ba ya nuna nisa: hankaka a kusa da jirgi a nesa girmansu ɗaya a allo, alhali faɗin fikafikan Bayraktar TB2 na Turkiyya mita 12 ne.

Bidiyo ya fi hoto gaskiya. Shirwa da ungulu kan yi shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, suna hawa da zazzafar iskar tsakar rana, amma jikinsu na karkacewa, jelar shirwa mai tsaga tana murɗawa. Jirgi kuwa siffarsa ba ta canzawa, kuma ƙaramin mai farfela huɗu yana da ƙugi kamar na zuma. Shamuwa, wadda ke isowa gab da faɗuwar damina, kan taru da yawa can sama, a zaci ayarin jirage ne. Fitilu masu tafiya a jere bayan magariba galibi taurarin ɗan Adam ne na Starlink.

Turawa ma sun sha wannan muhawara. Abubuwa tara da matuƙin jirgi Kenneth Arnold ya ce ya gani a Amurka a 1947, wasu masu bincike sun ce ƙwasaƙwasa ne.

Mai ɗaukar hoto ya sa bishiya ko turken lantarki a ciki domin a iya kwatanta girma, ya rubuta lokaci da wuri. Abin da ya tsaya cik yana ƙugi a kan gari, jami'an tsaro ya kamata a fara sanar wa kafin a tura shi zaurukan WhatsApp.