Soket ɗin kicin na ƙonewa? Ga abin da za a duba kafin a tura kuɗin gyara

'Yan uwa mazauna Sabo Ibadan, Agege da Ama Hausa ta Owerri, da yawanku iyali na gida, kuma ku ake bugo wa waya in wuta ta samu matsala. Masu gida a Old Maiduguri, cikin ƙaramar hukumar Jere, ku kula sosai. A Janairun 2021 aka fasa turakun layin Damaturu, gari ya daɗe sai janareta. A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwanni da dama. Wayar da ta sha danshi da tsatsa a kicin take fara nuna hali, don nan ake ɗora mata kaya mafi nauyi.

1. Lissafa kayan da aka jona. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, soket mai ƙafa uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Butar lantarki kaɗai tana cin kimanin 2,000. In aka ƙara hita ko risho na lantarki a ekstenshan ɗaya, an wuce iyaka. Kamar tirela ce: ka loda mata shanu fiye da ƙima, taya ce za ta fara fashewa.

2. Soket ɗaya ne ya mutu ko duka? A jona wani abu da aka san yana aiki. In ɗaya ne, galibi sukurun da ke riƙe waya ne ya saki. In duka ne, a duba burika ko fiyus.

3. Burika na faɗuwa? A cire komai, a tayar da ita, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da ita shi ne mai laifi. In ta faɗi ba a jona komai ba, to matsalar na cikin bango, sai mai gyaran wuta.

4. Kaurin waya. Ta soket 2.5mm ce, 1.5mm ta ƙwan fitila ce. Siririyar waya tana ɗaukar zafi har robarta ta narke, ko da an sa sabon soket.

5. Jikin firji na jan mutum? Wayar ƙasa ce babu, ko ta katse, wato mai launin kore ko kore da rawaya. Wannan ba abin wasa ba ne inda ake taɓa ruwa.

Abu uku kada a kuskura. Kada a ɗaure fiyus da waya mai kauri, don shi ne mai gadin gida. Kada a jona janareta ta soket ba tare da canji-oba ba, domin wutar na komawa layi, tana iya kashe ma'aikacin YEDC a kan turke. Kada kuma a watsa wa gobarar lantarki ruwa: a kashe babban makunni, a zuba yashi.

In an ji ƙauri ko soket ya yi baƙi, a kashe wuta daga babban makunni nan take. Kafin ka tura kuɗi, ka sa mai gyara ya turo maka hoton wayar da ya cire da wadda zai sa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.